Ruwan da Wa'il Ya Zuba

Asabar, 22 ga Oktoba

Mu'allim Jiryis mai gyara ya zo duba boilar ɗumama gida, wato tukunyar ƙarfen da ke dafa ruwan da ke zagaya ɗakuna cikin bututu, kamar yadda ya saba kowace shekara idan an fara kaɗe zaitun. Ya kwance bakin wuta ya wanke, ya canja matatar dizal, ya share kunkunniyar bututun hayaƙi. Daga nan ya durƙusa ya haska fitila a bayanta, ya daɗe yana duba wuri ɗaya. Na riga shi ganin abin. Tsaga ce a jikin ƙarfen, tana tsattsafo kaɗan-kaɗan. Ilimin tafiyar ruwa cikin bututu shi na koyar a jami'a har na yi ritaya. Ba sai an fassara mini farin gishirin da ke taruwa a bakin tsaga ba.

Ya ce, "Dakta, Hajiya ta gaji. Ka sallame ta da mutuncinta tun ba ta kunyata ka gaban baƙi ba."

Ɗana Wa'il ne ya raɗa wa boilar suna Hajiya yana ɗan sakandare, wai don sai ta yi tari kafin ta fara magana. Ban san Jiryis ya riƙe sunan ba.

Na tambaye shi ko za a iya canja ta ba tare da an zubar da ruwan da ke cikin bututan gidan ba. Ya ɗauka jarrabawa nake masa. Ya ce wanda ya haɗa bututan nan, Allah ya jiƙansa, ya yi rowar makullin tsayar da ruwa, ko ɗaya bai sa tsakanin tukunya da gida ba. Idan aka kwance ta, komai sai ya sauko. Na san haka. Na ce zan yi tunani.

Da zai tafi ya fara cewa "Abu Wa..." sai ya haɗiye sauran, ya ce Dakta. Tun bayan rasuwar ɗana ba na amsa wannan alkunya ta Abu Wa'il, wato baban Wa'il, kuma unguwa duk ta gane. Matata Ilham, wadda ta fi kowa kirana da ita, yanzu ba ta kirana da komai. Sai dai ta fara magana kawai, in ina kusa in ji.

Laraba, 26 ga Oktoba

Maƙabarta da safe, kamar kowace Laraba.

Zan rubuta dalilin da ya sa ba na so a zubar da ruwan sau ɗaya, domin in gan shi a rubuce in ji kunyarsa.

Bara war haka Wa'il ya ɗauki hutu daga kantin maganin da yake aiki, ya zubar da tsohon ruwan bututan, ya wanke su, ya cika su da sabo. Ranar Laraba ya yi, ranar da ake sako wa unguwarmu ruwa, domin ranar ce kaɗai famfon titi ke da ƙarfin tura ruwa har saman bene. Na tankin rufi ba ya iyawa. Ina tsaye hannu a aljihu ina ba shi umarnin da ba ya bukata. Ya bi lagireton kowane ɗaki, wato ƙarfen jikin bango da ruwan zafi ke ratsawa, da ɗan mabuɗi yana sakin iska, yana ƙwala mini kira daga sama. Da ya gama, ya ari jan farcen uwarsa ya ɗiga alama a kan agogon auna matsin ruwa, inda ya kamata allura ta tsaya. Ya ce, "Baba, ruwan nan ba inda za shi. Zai yi ta zagaya gidan nan har ku gaji da ni."

Ya rasu a watan Afrilu, ranar Laraba, a hanyar garin Aƙaba.

Tufafinsa Ilham ta bayar sadaka bayan arba'in, kuma daidai ta yi. Littattafansa suna nan, amma littafi ba ya motsi. Abin da hannunsa ya sa a gidan nan, wanda har yanzu yake tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki, ruwan nan ne kaɗai.

Na san ruwa ba ya riƙe kowa. Na sha kayar da ɗalibai a kan maganganun da ba su kai wannan rashin tushe ba.

Alhamis, 3 ga Nuwamba

Na kunna boilar karon farko a bana. Ta yi tarinta, ta kama.

Ɗumin yana da hanyarsa, kuma ban taɓa kula da ita ba sai yau. Kicin yake fara shiga, sannan falo, sannan ya hau bene zuwa ɗakinmu, sai daga ƙarshe ɗakinsa. Haka shi ma yake yi idan ya dawo daga aiki: ya buɗe tukunyar uwarsa, ya leƙo ni a falo, ya hau. A kowane ɗaki ƙarfen yana yin ƙas, ƙas, kafin ya yi shiru. Ƙarfe ne ke buɗewa saboda zafi. Na bi shi a baya har ƙofar ƙarshe, na tsaya a nan. Ban buɗe ba.

Ilham tana jera zaitun a kwalba, ba ta ɗago ba. Ta ce gidan ya yi daɗi.

Talata, 8 ga Nuwamba

Idan ƙarfen ya yi zafi tsagar tana ƙara buɗewa. Na sa kwano a ƙarƙashi.

Juma'a, 18 ga Nuwamba

Tsarin da na tsayar: ba zan ƙara ruwan famfo ba. Abin da ya ɗiga a kwano, baƙi ƙirin mai warin tsatsa, ina tace shi da ƙyalle, in zuƙe shi da babban sirinji da na samu cikin kayansa, in mayar ta kafar sakin iska a lagireton ɗakinsa, domin shi ne mafi tsawo a gidan. Saboda haka yanzu ina shiga ɗakin kullum da hantsi. Ba na duban komai sai ƙarfen.

Ba duka ke dawowa ba. Wani yana ɗiga ta ciki, kan wuta, ya bi hayaƙi. Wannan ba ni da dabararsa, sai rage kunnawa. Ina kunna ta kaɗan da safe, kaɗan da magariba. Na gaya wa Ilham dizal nake tattali. Ta tashi ta fito da tsohuwar soba, murhun ɗumama ɗaki mai kananzir, daga bayan ƙofa.

Warin kananzir yana tayar mata da asma. Na ji tana tari a kicin. Na ci gaba da karatun jarida, shafi ɗaya har aka kira la'asar.

Laraba, 23 ga Nuwamba

Abin da na gani zan rubuta, ba abin da na ji ba.

Da safe kafin in tafi maƙabarta, allurar tana ƙasa da jan ɗigo da kamar faɗin yatsa. Haka take sauka tun farkon wata, kuma haka lissafi ya ce ta yi. Da na dawo bayan azahar na same ta a kan jan ɗigon daidai. Boilar a kashe take, ƙarfen da sanyi, don haka ba zafi ne ya ɗaga ta ba. Na ƙwanƙwasa gilashin, ba ta motsa ba. Na taɓa makullin cikawa, a rufe yake gam.

Bayani mafi sauƙi: makullin ya tsufa, ƙarfin ruwan Laraba yana ratsa shi. Amma makulli mai yoyo ba ya sanin inda aka ɗiga jan farce, balle ya tsaya a nan.

Laraba, 30 ga Nuwamba

Haka ta sake yi. A kan ɗigon, ba sama ba ƙasa.

Na ƙara ɗaure makullin da hannuna jiya. Ba wanda ke shiga ɗakin boila sai ni. Matakalarsa ta bayan gidan take, mai tsayi ce ba mariƙi, Ilham kuwa ta daina sauka can tun da gwiwoyinta suka lalace.

Litinin, 5 ga Disamba

Na gamu da Jiryis a gidan burodi. Ya tambayi jikin Hajiya a gaban mutane, har mai burodin ya ce Allah ya ba ta lafiya, a zatonsa uwata ce. Jiryis bai gyara masa ba, ya ce amin, ya ƙara da cewa ɗanta ne ya hana a kai ta asibiti.

A waje ya daina wasa. Ya ce ruwan da ke ɗiga kan wuta shi ke sa ta baƙin hayaƙi, wata rana kuma tsagar za ta tsage gaba ɗaya, kuma irin wannan ba ta zaɓar sai ranar da ta fi kowace sanyi, ranar da shi ma ba zai samu hanyar zuwa ba. Ya lissafa mini alamomin da na sani: tsufa, tsatsa a gindi, shan dizal fiye da da, buge-buge a ciki kamar ana dakan turmi. Ya ce wadda ta tara biyu ana lallaɓa ta, wadda ta tara duka ana yi mata addu'a.

Na kusa tambayarsa game da allurar. Na tambaye shi lafiyar jikokinsa.

Laraba, 14 ga Disamba

Ba na magana a bakin kabari. Ina karanta abin da ake karantawa, in gyara duwatsun gefe, in tafi. Yau na ji bakina yana cewa, "Na ga abin da kake yi." Mai gadin maƙabarta yana nesa, bai ji ba.

A hanyar dawowa na yi gudun da ban saba ba. Ban shiga gida ba, na zagaya baya na sauka. Allurar tana kan ɗigon. Ƙarfen makullin yana da ɗan danshi, kamar an riƙe shi ba da daɗewa ba.

Na zauna a kan matakala. Ba tsoro na ji ba, kuma wannan shi ne abin tsoron.

Alhamis, 22 ga Disamba

Marba'aniyya ta shiga, kwana arba'in na tsananin hunturu, kuma ta shigo da ƙarfinta. 'Yarmu Rand ta zo daga garin Irbid ba ta sanar ba. Ta tarar da uwarta lulluɓe da barguna biyu kusa da soba, numfashinta yana fito. Ta kai ta wurin likita da kanta. Likitan ya ce ƙirjin ya kama, sanyi da hayaƙin kananzir kowanne ya isa shi kaɗai.

Rand ba ta ɗaga murya ba. Halina ta ɗauko. Ta same ni a falo, ta ce in dizal ne ita da mijinta za su cika tanki gobe, in sabuwar boila ce ma haka. Na ce ba wannan ba ne. Ta tambaya to mene ne. Na ce al'amari ne na fasaha.

Ta ce, "Baba, ɗaya muka binne, ba biyu ba. In gidan nan bai yi ɗumi ba kafin ƙarshen hutun yara, zan zo in ɗauke Mama."

Ilham ta ce daga ɗaki ba inda za ta. Rand ta ce ba shawara ta kawo ba.

Na kunna boilar yini guda saboda idonta. Kwanon ya cika sau biyu. Bututan sun yi ta bugawa, ba ƙas-ƙas ɗin da na sani ba, bugu mai nauyi daga ƙarƙashin gida, yana hawa bango. Kowa ya yi kamar bai ji ba. Mun sha miyar adas, ƙananan waken nan.

Talata, 27 ga Disamba

Na koma rage kunnawa. Tarinta yana ratsa bango. Ina iya bambance shi da na bututu, amma sai na saurara.

Laraba, 4 ga Janairu

Dusar ƙanƙara ta fara tun asuba. Na fita duk da haka. 'Yan sanda sun tare hanya kafin a fita gari, suka ce kowa ya juya. Na juya.

Na ga sawu a kan dusar ƙanƙarar da ke bayan gidan, ƙanana, kusa da juna, da ramin sanda a gefensu. Sun nufi matakalar. Ƙofar ɗakin boila a buɗe, fitila tana ci. Na tsaya a sama na daɗe. Ina jin ƙarar ruwa yana shiga bututu, wannan siririn shuuu da ban ji ba tun bara.

Ilham ce. Tana zaune a kan juyayyen bokiti, rigar sanyina a kafaɗarta, hannunta ɗaya a kan makulli, tabarau a hanci, idonta a kan allura. Da ta kai ɗigon ta rufe, ta ƙara murɗawa da hannu biyu. Sannan ta gan ni.

Ban san yadda fuskata take ba. Ta ce in sauko in daina tsayuwa cikin dusar ƙanƙara kamar maraya.

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun da ta ga allurar ta sauka, wata Laraba da ta ji shiru ya yi yawa ta lallaɓo ta duba. Wa'il ne ya nuna mata bara, ranar da ya ari jan farcen, ya ce ladan aro ke nan. Ya ce mata, Mama, Baba zai tsaya yi wa allura lacca, ke dai in kin ga ta sauka ƙasa da ja, ranar ruwa ki buɗe wannan har ta dawo. Da zama take saukowa, mataki-mataki, ta kuma hau da rarrafe. Shi ya sa take jira in fita.

Na ce ta san abin da ta yi? Na faɗe shi da muryar aji, Allah ya yafe mini. Na ce ruwan da ya zuba ne, ta yi ta surka shi mako bayan mako, yanzu ban san ko nawa ya rage ba.

Ta ce ta san da kwanon, ta san da sirinjin, tana jin takuna a ɗakinsa kowace hantsi. Ta yi shiru ne don ta ga na samu abin da ke shigar da ni ɗakin.

Sannan ta ce, "Kai kana tsaron ruwansa, ni ina bin maganarsa. Wa'il bai taɓa barina cikin sanyi ba. Ko sau ɗaya."

Tari ya kama ta, ya daɗe bai sake ta ba. Na goya ta na hau da ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Yaushe ta zama haka?

Alhamis, 5 ga Janairu

Ba shi ba ne, ashe. Na rubuta wannan na dube shi. Ya kamata in ji sauƙi.

Da hantsi na ɗauki sirinjin bisa sabo, na tsaya a tsakiyar matakalar bene, na dawo na ajiye shi. Na yi wa Jiryis waya. Bai yi wasa ba, bai kuma tambayi abin da ya canja ba. Ya ce Talata zai kwance, Laraba a cika, tun da ranar ce ruwa ke da ƙarfi. Kafin nan ya aiko da hita mai lantarki ta gidansa domin ɗakin Ilham.

Na gaya wa Rand. Ta tambayi ko na ci abinci.

Talata, 10 ga Janairu

An zubar.

Jiryis ya ɗaura tiyo a gindinta ya tambayi inda zai kai bakin. A garin nan ba a zubar da ruwa a banza, ko na wanke-wanke itace ake ba, amma wannan da tsatsa da magani a ciki, zai kashe itacen lemon gidan. Na ce magudana. Na ce ni zan riƙe.

Ya fito baƙi, sannan ja-ja, da ɗan ɗumi a farko. Na ji ɗumin ta cikin tiyon. A sama lagiretocin suna shaƙar iska ɗaya bayan ɗaya, da wani irin sauti kamar maƙogwaro. Na ɗakinsa ne ya fara, domin shi ne a sama. Wannan karon daga ɗakinsa aka faro, aka gangaro ɗakinmu, falo, kicin. Na tsaya har tiyon ya yi laushi a hannuna.

Na zo da kwalba a aljihun riga. Ban fito da ita ba. Ba zan ce shawara na yanke ba. Hannuwana biyu suna kan tiyon ne.

Mutum huɗu suka fitar da Hajiya gunduwa-gunduwa. Jiryis ya shafa ƙarfen, ya ce ta yi aikinta ba ta ci amanar kowa ba. Agogon matsin na ce a bar mini.

Laraba, 11 ga Janairu

Ban je maƙabarta ba. Ranar cikawa ce, dole wani ya tsaya. Gobe zan je.

Sabuwar ƙarama ce, fara, ba ta tari. Na sa an ɗaura makulli biyu tsakaninta da gida. Jiryis yana ƙasa a kan ruwa, ni na bi ɗakuna da ɗan mabuɗin ina sakin iska har ruwa ya tsarto. Ilham ta nace sai ta riƙe mini ƙyalle. A ɗakinsa ta zauna a bakin gado tana kallon bango, ta ce fentin yana bukatar sabuntawa. Na ce sai bazara.

Juma'a, 13 ga Janairu

Abubuwan kiyayewa, domin kada a manta: wanke bakin wuta da canja matata kowace kaka. Share bututun hayaƙi kafin hunturu. Sakin iska idan saman lagireto ya yi sanyi. Duba allura ranar ruwa. Ilham ba za ta sake sauka matakalar nan ba; na kira maƙeri ya sa mariƙi duk da haka, domin na san ta.

Sabon agogon yana da koren yanki da masana'anta suka zana, saboda haka ba ya bukatar wata alama. Na ɗiga masa jan farce. Hannuna bai kai nasa daidaito ba, ɗigon ya ɗan karkace.

Tarinta ya ragu. Soba ta koma bayan ƙofa.

Bututan da ke ƙarƙashin daɓen falo suna da lanƙwasa biyu da suka fi bakin magudana zurfi. Ba a taɓa iya zubar da irin waɗannan kaf. Duk mai ilimin abin ya sani. Ban yi lissafin ko nawa ne ya rage na ruwansa ba, kuma ba zan yi ba.

Bayan sallar Juma'a na sauka na kunna. Ina tsaye ina sauraro, ba tari, ba bugu, har na fara zaton ba ta kama ba. Can sai muryar Ilham daga tagar bene, ta ɗakin ƙarshe, wanda yanzu take barin ƙofarsa a buɗe wai don iska ta zagaya.

"Abu Wa'il, ya iso nan."

Na ce to, ina zuwa. Sai da na kai rabin matakala na lura da sunan da na amsa.